Na manta takarda ɗaya, kuma ina tsoron faɗa wa shugabana

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar shekara 25 ce, na yi karatun lauya a Ingila, yanzu ina cikin shekara biyun koyon aiki a wani kamfanin lauyoyi kafin in zama cikakkiyar solisita. Na yi wata shida a sashen cinikin gidaje lafiya lau, sai aka mayar da ni sashen ƙararraki, wata na uku ke nan. A wata shari'ar kwangila, kotu ta ba da umarni ɓangarorin biyu su yi musayar rubutattun bayanan shaidunsu kafin ƙarfe 4 na yammacin Juma'ar da ta wuce. Shaidunmu uku ne, duk sun sa hannu tun ranar Alhamis, ni aka ba aikin turawa. Na tura ta imel a kan lokaci. Sai ranar Talata ina haɗa takardu na ga ashe biyu kawai na maƙala, na ukun bai tafi ba. Lauyoyin ɗaya ɓangaren ba su ce komai ba har yanzu. Shugabana mutum ne mai zafi, ya taɓa yi mini faɗa a gaban mutane a kan lambar shafi. Wani abokin aikina, shi ma mai koyo, ya ce in sake turawa in rubuta cewa na'ura ce ta yar da takardar, babu wanda zai bincika. Ban yi ba, amma ban faɗa wa kowa ba. Ba na barci. Ban da wannan ma aikin ya fi ƙarfina: mutum huɗu ke ba ni aiki, ina tashi ƙarfe 9 na dare, ina rage lokacin da nake rubutawa a rajistar awoyin aiki don kada a ce ina da jinkirin aiki, sallata tana haɗuwa a kaina. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin bizata. Mahaifiyata tana alfahari da ni a gida, ni kuwa tunanin ajiye aikin nake yi. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na riga na aika miki da gajeriyar amsa ranar da wasiƙarki ta iso, domin maganarki ba ta jiran ranar fitowar wannan fili. Ga cikakkiyar nan, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ki ko a gane shari'ar.

Ki faɗa wa shugabanki yau. Kada ki jira ki ga fuskarsa a sake, kada ki jira ki tsara maganar ta yi daɗi. Na san zuciyarki tana dukan uku-uku, kuma tsoron nan ba na banza ba ne: aiki, biza da fatan iyaye duk a wuri guda suke rataye. Amma abin da ya same ki kuskure ne da kotunan Ingila suka saba gani, suna da hanyar gyara shi a rubuce. Abin da abokin aikinki ya ba ki shawara a kai shi ne ba shi da magani. Na yaba miki da kika tsaya ba ki aikata ba, wannan ya nuna zuciyarki ta riga ta san inda gaskiya take.

Bari in fayyace miki inda shari'ar take yanzu, don tsoro ya ragu ya koma daidai girman matsalar. A dokokin gudanar da ƙararrakin farar hula na Ingila da Wales, doka ta 32.10 ta ce idan ba a miƙa bayanin shaida cikin lokacin da kotu ta yanke ba, ba za a kira wannan shaidan ya yi magana a gaban alƙali ba sai da izinin kotu. Wato hukuncin ya riga ya hau kanku tun ƙarfe 4 na Juma'a, ko ɗaya ɓangaren ya yi magana ko bai yi ba. Shirunsu ba rangwame ba ne. Wataƙila ba su san akwai shaida na uku ba, wataƙila kuma sun sani suna jira. Akwai damar da doka ta 3.8 ta bayar ta ɓangarori su yarda a rubuce su ƙara wa juna har kwana 28, amma sharaɗinta a yi yarjejeniyar kafin wa'adin ya cika, kuma naku ya cika. Abin da ya rage shi ne roƙon kotu ta ɗage hukuncin a ƙarƙashin doka ta 3.9: a cike fom N244, a haɗa da bayanin lauya mai faɗin abin da ya faru, a biya kuɗin shigarwa, a kuma nemi ɗaya ɓangaren ya amince ko aƙalla kada ya yi jayayya.

Alƙalin da zai duba roƙon zai bi matakai uku da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta shimfiɗa a shari'ar Denton a 2014. Zai fara tambayar ko saɓawar mai girma ce, wato ko ta taɓa tafiyar shari'ar. Sannan ya tambayi dalili. Daga nan ya dubi dukkan yanayin, har da saurin da aka yi wajen kawo roƙon. A mataki na biyu ba ku da ƙarfi, ba zan ɓoye miki ba: mantuwa da yawan aiki ba dalilai ne da kotu take karɓa a matsayin uzuri mai kyau ba. Wannan ya fito fili tun shari'ar ɗan majalisa Andrew Mitchell a 2013, inda lauyoyinsa suka makara da kwana shida wajen shigar da kasafin kuɗin shari'a na sama da fam dubu 500, kotu ta ce kuɗin kotu kaɗai za a ɗauka a matsayin kasafinsa. Ƙarfinku yana mataki na ɗaya da na uku. Jinkirin 'yan kwanaki ne, takardar tana da sa hannu tun kafin wa'adi, kuma idan ranar zaman shari'a tana da nisa, babu abin da zai motsa. A Denton ɗin kanta, bayanan shaidu shida aka kawo a makare har aka ɗage ranar shari'a saboda su, shi ya sa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke izinin da alƙalin farko ya bayar. Wannan hukuncin kuma ya gargaɗi ɓangaren da ba shi da laifi kada ya fake da ƙaramin kuskure ya ƙi amincewa don neman riba, in ya yi yana iya shan hukuncin biyan kuɗi. Ba zan yi miki alkawarin abin da alƙali zai yanke ba, amma roƙo irin wannan, idan an kawo shi da wuri kuma da gaskiya, yana da kyakkyawar dama.

Kin ga ke nan kowace rana da kika yi shiru tana cin ƙarfin roƙon. Bayanin da za a kai kotu dole ya faɗi ranar da aka gano kuskuren. Idan an gano Talata aka shigar da roƙo cikin makon, magana ce mai sauƙin karewa. Idan an gano Talata aka shigar bayan mako uku, alƙali zai tambayi me aka tsaya yi, kuma amsar ita ce ke. Akwai wani abu kuma: musayar bayanan shaidu a lokaci ɗaya ake yinta don kada wani ya karanta na abokin gaba sannan ya gyara nasa. Yanzu nasu yana hannunku, don haka za su iya zargin an taɓa na ukun bayan an ga nasu. Abin da zai wanke ku shi ne shaidar cewa takardar tana nan yadda take tun Alhamis: imel ɗin da shaidan ya dawo da ita, ranar sa hannu, da tarihin fayil ɗin a kwamfutar kamfani. Kada ki buɗe ta ki sake adanawa, kada ki canza mata suna, kada ki goge ko ki gyara komai a akwatin imel ɗinki.

Yanzu maganar abokin naki. Ba na zaton mugunta ce ta sa shi, tsoro irin naki ne, ya ga kina cikin damuwa ya nemo hanya mafi kusa. Amma ki duba abin da shawararsa take nufi. Za ki rubuta wa lauyoyin ɗaya ɓangaren abin da kika san ba gaskiya ba ne. Idan suka yi jayayya, wannan ƙaryar za ta shiga bayanin da shugabanki zai sa wa hannu a ƙarƙashin shelar gaskiya ya kai gaban alƙali. Kuma cewa babu wanda zai bincika ba haka ba ne: na'urar imel ta kamfani tana ajiye girman kowane saƙo da abin da aka maƙala masa, ma'aikacin sashen kwamfuta zai gano cikin 'yan mintoci. A wannan sana'ar ana yafe sakaci, ana biyan diyyarsa, don haka ma doka ta wajabta wa kowane kamfanin lauyoyi inshorar kuskuren aiki ta aƙalla fam miliyan 2 ko 3 gwargwadon tsarinsa. Rashin gaskiya kuwa kusan kullum korar mutum yake yi daga aikin. A 2018 Babbar Kotu ta duba batun wata matashiyar solisita da ta mayar da kwanan wata baya a kan wasiƙu don a ga kamar aiki yana tafiya. Kotun ladabtar da lauyoyi ta tausaya mata saboda matsin da take ciki a ofis, ta bar ta da lasisinta, amma Babbar Kotu ta ce matsin aiki da damuwa kaɗai ba su isa su kare wanda ya yi rashin gaskiya ba, aka soke sunanta. Ke ba ki ma shiga rajistar solisitoci ba tukuna, kuma hakan bai kare ki ba. Sashe na 43 na dokar solisitoci ta 1974 ya ba da damar hana wanda ba lauya ba aiki a kowane kamfanin lauyoyi sai da izinin SRA, hukumar da ke sa ido a kan solisitoci, kuma ita hukumar za ta auna halinki da cancantarki ranar da kika nemi shiga. Ki ce wa abokin naki kin gode amma ba za ki bi wannan hanyar ba, ki kuma ja masa kunne kada shi ma ya taɓa bin ta.

To, yaya za ki faɗa? Ki zauna minti goma ki rubuta abin da ya faru a jere, da lokaci: yaushe aka ba ki aikin, yaushe shaidu suka sa hannu, ƙarfe nawa kika tura, me ya tafi, yaushe kika gano. Ki buga umarnin kotun da imel ɗin da kika tura. Ki je wurinsa da ƙafarki, ki ce kina da magana ta gaggawa a kan shari'a kaza, minti biyar. In ba ya ofis, ki kira shi a waya. Jimlar farko ta ɗauki dukan labarin: bayanin shaida na uku bai tafi ba ranar Juma'a, ni ce ban maƙala shi ba, na gano ranar Talata. Ki ƙara da cewa ya kamata ki faɗa tun Talatar, tsoro ne ya hana ki. Kada ki ɓoye wannan ratar, domin ɓoye ta sabon laifi ne. Sannan ki ce takardar tana nan da sa hannun Alhamis, kin duba doka ta 32.10 da ta 3.9, kuma a shirye kike ki tsara daftarin fom ɗin da wasiƙar zuwa ɗaya ɓangaren idan ya amince. Daga nan ki yi shiru ki saurara. Bayan kun gama ki aika masa gajeren imel mai tabbatar da abin da kuka tattauna. Kada ki tura takardar da kanki kafin ya ce, kada ki kira mai ƙarar, wato wanda kuke wakilta. Shi zai yanke yadda za a tura ta, kuma da wuya ya bari ta kwana. Shi ne kuma zai sanar da mai ƙarar, domin ƙa'idojin SRA sun wajabta faɗa wa wanda ake wakilta gaskiya idan abu ya ɓaci, da bayanin abin da zai biyo baya. Sanar da kamfanin inshora da ɗaukar kuɗin roƙon su ma lamarin kamfani ne, ba naki ba.

Mu da aka tarbiyyantar a kan kunya da kara, fuskantar babba da labari mara daɗi yana mana nauyi ƙwarai. An koya mana sunkuyar da kai, da jiran a tambaye mu, da kewaya magana. Tarbiyya ce mai kyau a muhallinta, amma a ofishin lauyoyi na Ingila shirun da ke kike ɗauka ladabi ne, su ɓoyewa suke karanta shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ki dube shi, ki faɗi maganar kai tsaye, wannan shi ne girmamawar da zai gane.

Ki yi wa shugaban naki adalci a zuciyarki kafin ki shiga. Zai ji haushi, kuma yana da dalili: shi zai kira mai ƙarar, shi zai sa hannu a bayanin da ke cewa ofishinsa ya yi sakaci. Amma shi ma yana da nasa kason. Ƙa'idar sana'ar ta ce wanda yake kula da aikin wani shi ke da alhakin aikin, kuma barin mai koyo a watanta na uku ta miƙa takardu masu wa'adi ba tare da ido na biyu ba rauni ne a tsarin sashen. Kada ke ki faɗa masa wannan a ranar, ya sani. Lauyan da ya daɗe a ƙararraki ya taɓa ganin wa'adi ya kuɓuce, kuma sau da yawa irin masu zafin nan a kan ƙananan abubuwa su ne suke natsuwa idan babban abu ya faru, domin hankalinsu yana komawa kan gyara. Idan ya ɗaga murya, ki bar guguwar ta wuce, kada ki kare kanki. Idan ba ya nan kuma ba a same shi a waya ba, ki tafi wurin wani babban lauya a sashen a ranar. Idan kuwa, Allah ya kiyaye, shi da kansa ya ce a rufe maganar ko a ɗora wa na'ura, kada ki rubuta wannan saƙon. Kowane kamfani yana da jami'in da aka naɗa don tabbatar da bin ƙa'idojin aikin lauya, ki same shi, kuma SRA tana da layin waya na ba da shawara a kan ɗa'ar aiki. Ki rubuta wa kanki abin da aka ce da ranar, amma kada ki tura takardun shari'ar zuwa imel ɗinki na gida da sunan kare kai, wannan karya sirrin mai ƙara ne. Haka ma labarin shari'ar, kada ya shiga WhatsApp na 'yan uwa ko na ƙawaye.

Faɗan da ya yi miki a gaban mutane magana ce daban, kuma ban raina ta ba. Tun 2023 ƙa'idojin SRA sun fito fili cewa dole a mutunta abokan aiki, ba a yarda da cin zarafi ko tsangwama ba. Gyara mai zafi sau ɗaya ba cin zarafi ba ne, amma idan wulaƙanci ya zama ɗabi'a, akwai wanda aka ɗora wa kula da horonku, akwai kuma sashen ma'aikata. Ki bari wannan ƙurar ta lafa tukuna, don kada a ga kamar kina neman kauce wa naki laifin.

Sauran wasiƙarki ta nuna mini inda kuskuren ya samo asali, kuma a nan nake so ki sa ƙarfinki bayan an gyara. Sashen ƙararraki ba kamar na cinikin gidaje ba ne. A can ɓangarorin biyu suna son a kammala, idan takarda ta ɓace a sake turowa. A nan akwai wanda ake biya don ya amfana da kuskurenki, akwai kuma agogon kotu. Don haka duk umarnin kotu da ya shigo, ki karanta shi da idonki, kada ki dogara da abin da wani ya ce yana ciki. Ki sa kowane wa'adi a kalandar sashen da taki, da tunatarwa mako biyu kafin ranar, da mako ɗaya, da kwana biyu. Ki koyi ƙirgen kwanaki na doka ta 2.8: ba a ƙirga ranar farawa, idan ƙarshen wa'adin zaman kotu ne ba a ƙirga ranar zaman, kuma idan wa'adin kwana biyar ne ko ƙasa da haka, Asabar, Lahadi da ranakun hutu ba sa ciki. Kafin ki miƙa takarda ta imel, ki tabbatar ɗaya ɓangaren ya taɓa rubutawa cewa yana karɓar miƙawa ta imel, da adireshin da ya bayar, ki kuma tambayi iyakar girman abin da akwatinsu yake ɗauka. A 2018 Kotun Ƙoli ta ƙi ceto ƙarar wani mutum a shari'ar Barton saboda ya tura takardar ƙara ta imel ba tare da wannan amincewar ba. Imel da ya tafi bayan ƙarfe 4:30 na yamma, ranar aiki ta gaba ake lissafa shi, amma idan umarni ya ce ƙarfe 4, to 4 ɗin ne. Ki mayar da tsakar rana wa'adinki na kanki, don idan wani abu ya lalace ki sami awa huɗu na gyara. Ki jera takardun da sunayensu a jikin wasiƙar, ki sa wani ya duba kafin ki danna, bayan kin tura kuma ki buɗe saƙon da ya fita, ki buɗe kowace takarda, ki ƙirga, ki duba shafin sa hannu, ki nemi su tabbatar da abin da suka karɓa. Minti uku ne wannan, da shi za ki gano irin wannan kuskuren tun wa'adi bai cika ba.

Lambar shafin da aka yi miki faɗa a kanta ma ba ƙaramin abu ba ce, ko da yake hanyar faɗan ba ta dace ba. Kundin takardun shari'a shi ne abin da alƙali, barista da shaida duk suke kallo a lokaci guda. Idan barista ya ce shafi na 214 alƙali ya buɗe ya ga wani abu daban, zaman ya tsaya. A kundin kwamfuta lambar da ke jikin shafi ta dace da wadda na'ura take nunawa, jerin abubuwan ciki ya yi daidai da shafukan, rubutun ya zama wanda za a iya bincikawa. Kundin babban zama ana shigar da shi tsakanin kwana 7 da kwana 3 kafin ranar, sai in kotu ta faɗi wani abu daban, don haka ki fara haɗa shi makonni kafin nan.

Mutum huɗun da ke ba ki aiki ba su san abin da sauran ukun suka ɗora miki ba. Duk wanda ya kawo aiki, ki tambaye shi yaushe yake so, awa nawa yake ganin zai ci, a wace siffa yake son sakamakon, da lambar fayil ɗin da za a rubuta lokacin a kai. Idan biyu suka yi karo, kada ki ce to ga kowa ki tafi ki kwana a kai. Ki ce: ina da aikin wane da za a miƙa ƙarfe 4, zan iya fara naka bayan nan, ko kuwa ku daidaita a tsakaninku wanne zai riga. Wannan ba rashin kunya ba ne, abin da suke tsammani ke nan daga mai koyo mai hankali. Rage lokaci a rajista kuma ki daina shi daga yau. Ana rubuta lokaci a gutsuren minti shida, goma a awa ɗaya. Ki rubuta abin da kika yi a lokacin da kika yi shi, da bayani mai ma'ana, ba ƙari ba ragi. Shugaba ne yake da ikon yafe wani ɓangare kafin a aika wa mai ƙara takardar kuɗi, kuma kowa ya san mai koyo ya fi jinkiri. Idan kina aikin awa goma sha ɗaya rajista tana nuna shida, su a ganinsu kina da sarari, sai su ƙara miki. Da hannunki kike ɓoye hujjar da za ta nuna an yi miki yawa.

Salla kuma, lokacin sanyi a Ingila yana matse Azahar, La'asar da Magariba cikin 'yan awoyi, a Disamba rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe 4. Ki faɗa wa shugabanki da sashen ma'aikata sau ɗaya, a sarari, cewa kina buƙatar minti goma sau biyu ko uku a yini da wuri mai tsabta, ki toshe lokutan a kalandarki kamar kowane taro. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini, kuma da wuya kamfani ya iya kare hana abu mai sauƙi irin wannan. Ranar zaman kotu yawanci ana tashi hutu daga ƙarfe 1 zuwa 2, ki tambayi ma'aikatan kotun ko akwai ɗakin ibada tun da safe. Abin da ya shafi haɗa salloli a ranar da ta matse, malami za ki tambaya.

Ajiye aiki kuwa, kada ki yanke wannan hukuncin a makon da ba ki yi barci ba, kuma kada ki yi shi don guje wa faɗin kuskuren, domin tafiyarki ba za ta goge shi ba, sai dai ta sa a gano shi ba kya nan. Wata uku ya rage miki a sashen. Ba kowane lauya aka yi don ƙararraki ba, kuma kin riga kin ga kina iya wani sashen. Idan bayan komai ya lafa kika ga kamfanin ne bai dace da ke ba, ki bincika ta wace hanya kike neman cancanta. A tsarin SQE, jarrabawar zama solisita da aka fara a 2021, shekara biyun gogewar aiki ana iya tara su a wurare har huɗu, muddin solisita ya tabbatar da su, don haka watannin da kika yi ba za su tafi a banza ba. Amma biza ta sa lissafinki ya bambanta da na abokan aikinki: idan aikin da ya ɗauki nauyinki ya ƙare, yawanci hukuma tana rage izinin zama zuwa kwana 60. Kada ki miƙa takardar murabus sai kin sami wani wurin da zai ɗauki nauyinki a rubuce, kin kuma ga masanin dokar shige da fice. Kafin nan, akwai ƙungiyar LawCare da take sauraron ma'aikatan shari'a kyauta kuma a asirce, ki kira su ko da sau ɗaya. Idan rashin barcin ya wuce mako biyu bayan an warware maganar, ki ga likitanki.

Mahaifiyarki ba sai ta ji labarin shari'ar ba, amma ki daina ce mata komai lafiya alhali ba haka ba ne. Ki ce mata aikin ya yi nauyi a wannan watan, kin yi wani kuskure kina gyara shi, ta sa ki a addu'a. Idan an shigar da roƙon, ki rubuto ki gaya mini yadda ta kasance da shugaban naki, sai mu duba yadda za ki tunkari zaman auna aikinki na ƙarshen sashen. Allah ya ba ki sa'a, ya sassauta zuciyarsa.